Tambaya da Amsa: Me Ke Riƙe Rassan Amino Asid da Juna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karanta kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Jihar Gombe. An koya mana cewa haɗin haidurojin ne ke naɗe furotin, amma na kasa gane rawar da rassan gefe na amino asid suke takawa a ciki. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Amino asid 20 ne ake gina furotin da su ta hanyar jera su a sarƙa, kuma gindinsu, wanda shi ne ke zama uwar sarƙar, iri ɗaya ne, reshen gefe kaɗai ya bambanta su. Idan haidurojin yana manne da oksijin ko naitirojin, sai ya ɗauki ɗan cajin fositif, wanda ke janyo shi zuwa ga wani oksijin ko naitirojin da ke kusa. Wannan jan shi ne haɗin haidurojin. Ɗaya tak ba shi da wani ƙarfi, amma idan suka taru da yawa sai su zama kamar tsintsiya, wadda silinta ɗaya ba ya shara.

Ki lura cewa murɗaɗɗen tsarin alfa (inda sarƙar furotin ke murɗewa kamar igiya) da Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana a 1951 uwar sarƙar ce ke ɗaure shi, ba rassa ba, kuma a nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Aikin rassa ya fi fitowa bayan sarƙar ta naɗe. Amino asid irin su serin da tireyonin da tairosin suna iya bayar da haidurojin su kuma karɓa, haka ma asparajin da gulutamin. Laisin da arjinin masu bayarwa ne, aspatet da gulutamet masu karɓa. Histidin kuwa, a ganina, shi ya fi cancanta ki zauna a kansa, domin yana sauya hali gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, shi ya sa a sinadarin kaimotiripsin da ke narkar da abinci ya zauna tsakanin aspatet da ke gurbi na 102 a sarƙar da serin da ke gurbi na 195, yana karɓar haidurojin daga serin.

Balin da liyusin ba sa yin wannan haɗi da rassansu sam, gudun ruwa suke yi. Ciwon sikila ma daga nan yake farawa: a gurbi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin (furotin da ke ɗaukar oksijin a jini), balin ya maye gurbin gulutamet mai hulɗa da ruwa, don haka idan oksijin ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin himogulobin su manne da juna, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje.