Shin gwamnati na da ikon hana tsiraru gina wurin ibada?

Tambaya: Barista, idan mafi yawan jama'ar ƙasa addini ɗaya suke bi, doka ta ba hukuma damar hana tsiraru gina wurin ibada ko yin wa'azi, da sunan kiyaye zaman lafiya?

Amsa: Malam, yawan mabiya kaɗai bai ba hukuma wannan damar ba. Sashe na 18 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin farar hula da siyasa ya kasa batun gida biyu. Imanin da ke zuciyar mutum ba a taɓa shi, ko da an kafa dokar ta-ɓaci. Fito da addini fili kuwa, kamar ibada cikin jam'i, gini, sutura da koyarwa, ana iya taƙaita shi, amma sai da rubutacciyar doka, kuma sai ya zama dole don kare rayuka, oda, lafiyar jama'a, ɗa'a ko haƙƙin wasu. A 1993 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace cewa ko ƙasa tana da addinin hukuma, hakan bai rage haƙƙin sauran ba.

A wajen neman izinin gini aka fi cutar mutane. Takarda ta kwana a teburin jami'i shekara da shekaru, in an matsa ya ce maƙwabta ba za su yarda ba. Wannan uzurin yana ci min rai. Idan wasu sun yi barazanar tayar da fitina, su hukuma za ta tsawatar, ta kuma tsare masu ibadar.

Wani lokaci da ƙuri'a ake yin danniyar. A 2009 masu zaɓe a Suwizalan suka haramta gina hasumiyar masallaci, alhali hasumiya huɗu kacal ke ƙasar a lokacin. A Girka kuma an hukunta Minos Kokkinakis, mabiyin ƙungiyar addinin nan ta Shaidun Jehobah, saboda ya shiga wani gida a tsibirin Kiriti ya yi wa matar gidan wa'azi. A 1993 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce Girka ta tauye haƙƙinsa, domin ba a nuna ya tilasta wa kowa ba.

Wanda aka hana, ya nemi a ba shi dalilin a rubuce, da shi lauya zai shiga kotu. In kotunan gida sun ƙare, ana iya kai koke ga kwamitin nan a Janiba, muddin ƙasar ta amince da ƙarin yarjejeniyar da ta ba ɗaiɗaikun mutane wannan dama.