Sili-sili a Jikin Aiki da Kusurwa Mai Ɗagawa

"Maigida, tun da damina ta kankama firintarmu ta 3D take barin sili-sili a jikin aiki kamar saƙar gizo-gizo, ga kusurwa tana ɗagawa daga faranti. In ƙara mata zafi ne?"

A'a ɗana, kada ka taɓa zafi tukuna. Cuta biyu ce, kowacce da maganinta.

Kasa kunne kusa da nozul, wato ɗan bakin ƙarfe mai zafi da narkakkiyar roba ke fita ta cikinsa, lokacin da roba take fitowa. In ka ji ƙas-ƙas, ka ga 'yan kumfa, to zaren robar da injin ke narkarwa ya sha danshi. Ruwan da ke cikinsa ne yake tafasa, tururin ya riƙa turo roba waje ko injin bai tura ba. A nan Gombe, naɗin da aka bari a buɗe cikin Agusta haka yake yi, kuma duk saitin duniya ba zai gyara jiƙaƙƙen zare ba. Busar da zaren roba nau'in PLA a digiri 45 na Selsiyas na awa 4 zuwa 6, nau'in PETG kuwa a 65. Kada ka ce za ka bar shi cikin mota rana ta yi maka aikin, domin PLA yana laushi tun daga wajen digiri 60, sai naɗin ya manne da juna. In ya bushe, saka shi a bokiti mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi.

Idan sili-silin bai tafi ba, rage zafin nozul za ka yi, ba ƙari ba. PLA yana aiki tsakanin 190 da 220, ka riƙa sauka da biyar-biyar. Sannan ka duba ja-baya, wato tsawon zaren da inji ke janyewa baya kafin nozul ya koma wani wuri: inji mai dogon tiyo irin Ender 3 yana son kamar milimita 5, wanda motarsa mai tura zare ke zaune kan nozul kuwa 1 ta ishe shi. In ka zarce, narkakkiyar roba ta hau sama ta daskare, nozul ya toshe. Abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba.

Kusurwa kuwa, roba ce take tsukewa in ta huce. Cire farantin ka wanke da sabulu, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana kamu. Daidaita tazarar nozul da faranti da farar takarda har ka ji nozul yana ɗan gogarta. Zafin faranti a digiri 60, shimfiɗar farko a hankali, milimita 20 a daƙiƙa, fankar injin a kashe. Ƙara wa aikin gefe na milimita 5, wato siririyar shimfiɗar roba da ke kewaye gindinsa don ya ƙara kama faranti. Kuma ka kashe fankar silin ɗin nan da take kaɗawa a kansa, ko ka matsar da teburin.