Ruwan da ke saura bayan matse zaitun: da gaske yana riƙe wa ƙasa danshi?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina noman rani a wajen Bukuru, kabeji da karas, da ruwan kududdufin kuza muke ban ruwa kuma kuɗin fetur na neman gama mu. Ƙanena da ke karatu a Tunisiya ya turo min bidiyo, tanka na watsa wani baƙin ruwa a gonar zaitun, wai ragowar matsar man zaitun ne kuma yana sa ƙasa ta daɗe ba ta bushe ba. Gaskiya ne? In na samo irinsa gun masu manja zai yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya yi wa noman albarka. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya ba ka. Ruwan nan cike yake da ɓurɓushin 'ya'yan zaitun da sinadarin fotash, in ya ruɓe a ƙasa sai ya zama kamar taki, ya haɗe ƙwayoyin rairayi su riƙa riƙe laima. Amma fa akwai maiƙo a ciki, ga tsami ga gishiri, kuma maiƙon nan shi ne abin da ya fi damuna, don in aka zuba da yawa a busasshiyar ƙasa lokacin zafi sai ya lulluɓe ƙwayoyin ƙasar, ka yi ban ruwa ka ga ruwan ya dunƙule yana gangarewa kamar a ganyen gwaza, sama jiƙe, ka tona da yatsa ka tarar ƙura. Ɗanyensa kuma yana hana iri tsira.

Shi ya sa Italiya ta yi doka a 1996, kada a zuba wa gona fiye da lita 50,000 zuwa 80,000 a hekta ɗaya duk shekara, gwargwadon irin injin matsar. Lissafa ka gani, lita 5 zuwa 8 ne kacal a murabba'in mita. Kuma su lokacin matsar zaitun ɗinsu ya faɗo cikin sanyi ne sanda ake musu ruwan sama, ƙasa na da danshi tana narkar da shi. Mu kuwa noman raninmu cikin hunturu yake, ƙasa ta bushe ƙamas.

Na manja ma maiƙo ne da tsami, don Allah kar ka kwarara shi kan kabejinka. In ka matsu sai ka gwada, haɗa shi da kashin shanu da ciyawa ya ruɓe tukuna, ka sa a fangali ɗaya. In ƙasar ta bushe ɗiga mata ruwa, ɗigon ya wuce daƙiƙa 5 bai shige ba to maiƙo ya kama ta, sai ka dakata.