Zancen karatun maigidana

Wa alaikumus salam 'yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, ban so in amsa miki a tsaitsaye ba ne shi ya sa na bari sai yau da na samu natsuwa. Kin ce yaron shekararsa 3 da rabi, a nazare ana ba shi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 50, in kin kama hannunsa sai kuka, ita kuma Hajiyar mijinki ta ce a cire shi a kai shi allo don haka aka gada. Kina tambaya wai ya ainihin al'adar take.

To Hajiya tana da gaskiyarta, amma akwai abin da ta tsallake. Mu da aka kai mu makarantar allo ba wanda ya miƙa mana alƙalami ranar farko, ko allon ma ba a ba mu ba. Zama kawai muke yi a gefen yayyenmu a zauren malam, muna jin ana biyawa muna bi da baki, Fatiha, Nasi, Falaƙi, Ƙulhuwa, wata da watanni a haka, wani lokacin ma barci ya kwashe ka a kan buzu ba mai tashinka. Sai bakin yaro ya faɗa sannan malam ya rubuta masa babbaƙu a allo, harafi tsirara ba wasali, kuma ko wane harafi da sunansa na Hausa yadda yaro zai riƙe shi kamar sunan ɗan unguwarsu, ba guje, mim jaye, ha kuri, nun ara. Har yau in na rufe ido ina jin muryarmu muna ja, alu, ambaƙi, wau, zal. Bayan nan a shiga farfaru, a sa wasali bisa da ƙasa da rufu'a, harafin ya fara magana. Rubutu da hannunka kuwa shi ne can ƙarshe, sai ka daɗe kana wanke allo kana shanya shi a rana kana kallon yadda malam ke tsoma alƙalami a tawada kafin a ce kai ma gwada. Kunne ne farko, sai baki, sai ido, hannu shi ke zuwa daga baya, haka aka yi mana.

A bokon ma da can haka ne. Lokacin da aka fara UPE, wato shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 ina sabuwar malama, yara ba su da takardar haihuwa, sai hedimasta ya ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in bai kai ba a ce ya koma gida sai baɗi. Wajen shekara 6 ake nema. Yatsun ɗan shekara 3 ba su yi ƙwarin riƙe fensir su bi layi ba, wallahi ba taurin kai ba ne, ciwo hannun yake masa.

Akwai wani yaro da na koyar a aji biyu da ba na mantawa da shi. In na buɗe littafi zai karanto shafin nan tas ba gargada, har ana cewa shi ne gwanin aji. Ran nan sai na rubuta kalma ɗaya daga shafin a allon bango, na ce karanta min. Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, hawaye suka zubo. Ashe hadda ce ya yi, hoton shafin yake gani ya tuno. Sai da muka koma ba be bi bo bu, ina haɗa masa ba da ba ya ce baba, ka da za ya ce kaza, ranar da ya gane cewa sauti ne ake haɗawa ya fita yana karanta duk rubutun da ke jikin shaguna da bayan motoci, uwarsa ta zo har makaranta tana sa albarka.

Kuma da Hausa ya gane, wannan ki riƙe shi da kyau. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasali biyar ne, yaro na kama baƙi da wasali ya kama hanya. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ma cewa ya yi a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, kuma tun 1970 Farfesa Fafunwa ya gwada haka a Ife da Yarbanci har shekara shida, yaran ba su baro Turanci a baya ba. Ni dai yana min ciwo in ga an hana yaro Hausa a gidan ubansa wai don ya iya Turanci.

Abin da nake so ki yi ba wuya. Ki rage masa katun a waya, da dare ki yi masa gatanan gatanan ku, ki tsaya a tsakiya ki ce to me gizo ya yi, ki bar shi ya ba ki da shirmensa. Ki ba shi gawayi ko alli ya yi ta zane a ƙasa, in ya ja wasu layuka ya ce ya rubuta sunansa ki ce madalla, mafarin rubutun kenan. Nan gaba za ki ga yana juya b ta koma d, ko ya fara boko daga dama saboda allo, kar ki tsorata, yawanci yana wucewa wajen shekara 7. Bulala kam ban yarda ba, ko a allo ko a boko, na ga yaran da ta sa suka tsani takarda har girmansu.

Ki je ki samu malamarsa cikin mutunci ki ce a sassauta masa rubutun nan. Allo kuma a bar shi ya riƙa bin yayyensa da yamma yana saurare, kin ga Hajiya ma ta samu nata. In kun zo da sallah ki tuna min, ƙaramin allon babanku yana nan a ɗakina na ajiye wa maigidan nawa. Ki gaida Hajiya da kyau.

Gwaggonki