Baƙin gilashin da Hajiya ta dawo da shi

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni, ka ce: "Masta, gilashin sirrin nan da na liƙa wa Hajiya mai atamfa ta kasuwar Kejetia, me ya sa ta dawo tana faɗa wai na kashe mata hasken waya? Shi kuma baƙin da ake gani daga gefe, fenti ne?" Kiran magariba ya katse mu. To ajiye abin hannunka, ka miƙo min matajin can da ke kan teburi.

Ɗaga shi saitin ƙofa, ka duba ta tsakanin haƙoransa. Kana ganin titin Adum sarai, ko? Yanzu karkata shi a hankali zuwa dama. Haƙoran sun rufe juna, ba ka ganin komai sai roba. Aikin gilashin nan ke nan, babu fenti a ciki. An jera waɗansu baƙaƙen katangu ne tsaye a cikinsa, kowace ta fi gashin kai siranta, kusa da kusa yadda ido ba ya rarrabe su. Hasken da ya fito miƙe daga fuskar waya yana bi ta tsakaninsu ya iso idon mai ita. Wanda ya fito a karkace sai ya ci karo da katanga, ta shanye shi. Tamkar luban tagogin gidajenmu na Aboabo, sai dai waɗannan ba a murɗa su. Kamfanin 3M na Amurka ne ya yi suna da wannan fasaha, kuma a irin nasu, da ka kauce kamar digiri 30 hagu ko dama, hoto ya fara dushewa.

To ka ga inda hasken Hajiya ya tafi. Katangar ba ta san wannan haske na ɗan leƙe ba ne, wancan na mai waya ne. Duk wanda ya taɓa ta ta cinye, har da wani kaso na wanda ya nufo gaba. Dole fuska ta dusashe. Mai waya sai ya ƙure haske, batir ya riƙa zuba kamar an huda tulu. Ita kuwa a cikin kasuwa take wuni, wani lokaci a bakin rumfa cikin rana, ga ido ya fara manyanta. Sannan sana'arta ita ce miƙa waya ga mai saye ta ce "duba wannan zanen", mata uku su duƙa a kai lokaci ɗaya. Ta tsakiya ta gani, biyun gefe su ga duhu. Liƙinka ba laifi, na duba, ko kumfa ɗaya babu. Kuskurenka shi ne ba ka tambaye ta abin da take yi da wayar ba kafin ka ɓare takarda.

Akwai kuma abin da nake so ka daina faɗa wa mutane, na ji ka sau biyu: "Ba wanda zai ga abin da kake yi." Ba haka ba ne. Yawancin waɗanda ke cikin kwalinmu katangunsu daga sama zuwa ƙasa suke, hagu da dama kaɗai suke tarewa. A tirotiro, wato motar haya, wanda ke zaune kafaɗa da kafaɗa da kai ba zai gani ba. Amma na kujerar baya da ke leƙowa ta kan kafaɗarka, kusan layi ɗaya yake da idonka, abin da ka gani shi ya gani. Yaron mota da ya sunkuyo karɓar kuɗi shi ma ta sama ya zo, hanya a buɗe. In kuma ka kwantar da wayar don kallon ƙwallo, katangun sun kwanta tare da ita, na gefe ya samu kallo kyauta. Akwai mai tare ɓangare huɗu, wanda aka giciya katangun biyu, amma duhunsa ya fi, kuɗinsa ma haka. Gwajin ba wuya: buɗe farin shafi, ɗora gilashin ba tare da ka ɓare ba, karkata gefe, karkata sama. A nan kuma za ka kama mai arha, wanda ke fitar da layi-layi kamar igiyar ruwa saboda jerin katangunsa bai jitu da ɗigogin fuskar ba.

Abin dariya, mu da muka fara da tsofaffin laftof mun san lokacin da fuska mai ƙunci ita ce abin ƙi. Irin fuskar nan da ake kira TN, ka ɗan duƙa launi ya juye. Aka yi ta fama har fuskar IPS mai ganuwa daga gefe ta zo, ana rubuta digiri 178 a jikin kwali ana alfahari. Yau kuma ana biyan kuɗi a mayar da hannun agogo baya.

Masu ƙera na'ura sun ga matsalar abin da aka liƙa ya liƙu, sai suka shigar da shi ciki, yadda za ka kunna ka kashe. A 2016 HP ta fito da Sure View a waɗansu EliteBook, maɓallin F2 ne ke sarrafa shi. Lenovo ma na da nata a ThinkPad. Wata dabarar da ake bi ita ce, a tattara hasken fitilar baya ya miƙe gaba, sannan a sa wani shimfiɗi a kansa wanda lantarki ke sauya shi: in ya yi hazo sai ya watsa haske kowa ya gani, in ya washe sai hasken ya tafi gaba kaɗai. Ka riƙe wannan don ranar da irinta za ta shigo shago. Ni an taɓa kawo min ɗaya daga kayan gwanjo, mai ita ya ce fuska ta lalace. Na kwance ta ƙusa-ƙusa, na duba igiya, na ɓata rabin yini, ashe ɗansa ne ya danna F2. Kuma in irin wannan fuskar ta fashe ka sa ta gama-gari, hoto zai fito amma sirri ya tafi, sai ka faɗa wa mai ita tun kafin ku yi ciniki.

Wayoyin da ke karanta yatsa ta cikin fuska kuwa, ka yi hattara. Waɗansu da haske suke karantawa, gilashin ya rage musu shi. Irin Galaxy S10 da ƙannensa da sauti suke yi, gilashi mai kauri yana dame su. Ka sa mutum ya sake shigar da yatsansa a gabanka, in ya ƙi, ka cire.

Wa ya kamata ka sayar wa? Mai rumfar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da mutane ke tsaye kansa dama da hagu yini guda, ma'aikacin asibiti, mai yawan hawa mota yana duba kuɗi. Su ma ka gaya musu, in sun danna *170# na MoMo za su sa lambar sirri, su kare da tafin hannu, don ɗan leƙe gwani motsin babban yatsa yake bi, lamba huɗu ba ta da wuyar haddacewa.

Hajiya ta ce za ta aiko jikanta bayan azahar. Ka ɗaga kusurwar da siririn katin roba, kar ka sa reza, ka goge da kyau, ka liƙa mata farin gilashi. Sidin da ya rage tsakanin biyun ka ba yaron ya kai mata, ka ce Masta na gaishe ta.