Kyamarar waya ba ta auna bitamin

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 70, ita kaɗai take zaune. Na saka mata manhajar da ake ɗora yatsa a kan kyamara, ta nuna wai bitamin B12 da D ɗinta sun yi ƙasa. In sayo mata?

Amsa: 'Yar'uwa, goge manhajar nan tun kafin ki gama karanta amsata. Abin da kyamara da fitilar waya ke gani bai wuce ɗan canjin launin yatsa duk lokacin da zuciya ta harba jini ba, shi ya sa suke iya ƙirga bugun zuciya. Iyakarsu ke nan. Bitamin kam sai an ɗebi jini. Ko sukari ma, a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi jama'a kan agoguna da zobba masu cewa suna auna shi ba tare da huda fata ba.

To me ya sa manhajar ta ambaci B12 da D? Ai ke kika rubuta mata shekarun Mama, ko ni zan canki haka ido rufe. Tsufa na rage ƙarfin ciki wajen tsotse B12, maganin sukari na metformin ma yana ƙara rage shi. Amma canka ba gwaji ba ce. Shan bitamin bisa canka kuwa yana da haɗari: bitamin D taruwa yake yi a jiki, in ya yi yawa sinadarin kalsiyam ya hau, ƙoda ta sha wahala. Bitamin K kuma yana kashe kaifin warfarin, maganin hana daskarewar jini. Kuma galibi a ƙasan "sakamakon" za ki tarar da maɓallin saye, nan ne kasuwar take.

Amfanin kyamarar na gaskiya: jera duk kwalaben da Mama ke sha, ɗauki hotonsu yadda rubutun zai fito ɓaro-ɓaro, ki nuna wa likitanta.

Tambaya: Manhajar tuna wa Baba shan magani ta daina ƙara.

Amsa: Android ce ke kwantar da ita don tattalin batir. Shiga saitin batir ka cire mata takunkumi. Ni dai ƙararrawar agogon waya na fi so, ka sa mata suna "Baba, farar ƙwaya".

Tambaya: Wace manhajar tuna shan magani zan sauke a iPhone ɗin kakata?

Amsa: Babu. Tun tsarin iPhone na iOS 16 akwai sashen magunguna a cikin Health, manhajar lafiya da ke zuwa da wayar. Ka ƙara mata girman rubutu.