Saitin kyamara don ɗaukar yara a Disneyland

Malama, kin ce za ku kai yara Disneyland, wurin wasanni da shaƙatawa, hutu da sabuwar kyamararki, amma da zarar sun motsa hoton yakan fito dishi-dishi. Yawanci jinkirin rufewar idon kyamara ne ke jawo haka.

Ki juya maɓallin sama zuwa S, ko Tv idan Canon ce, ki sa saurin rufewar a 1/500 na sakan, domin yaron da ke gudu ko yake kan lilo ba zai tsaya miki ba. Ki bar ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamarar, ya daidaita kansa, amma ki ƙayyade shi a 3200 saboda yamma. Sannan ki kunna AF-C, wanda Canon ke kira Servo, don kyamarar ta riƙa bin fuskar yaron, ki kuma danne maɓallin ɗauka ta ɗauki hotuna da yawa a jere.

Masu koyo sukan ɗauki hoton yaro suna tsaye. Ki durƙusa daidai tsayinsa. Rana tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, don haka ki nemi inuwa. Ki tafi da batir na biyu.

Idan ruwan wasanni ya shiga kyamarar, ki cire batir, ki kai wa mai gyara, kada ki buɗe ta da kanki.